Shekarar da Inna Ta Rage da Kalma Ɗaya

Na san kun taso kuna jin ana cewa ni ce na kai fasto ɗakin kakarku tana kwance ciwon ajali. Wasunku a makaranta aka gaya musu, wasu a gidan biki. Ban taɓa zaunar da ku na warware muku ba, saboda wanda maganar ta fi shafa, yayana Sani, yana raye a lokacin, kuma ban so ku riƙa kallon kawunku da wani ido. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini sallama. Gara ku ji daga bakina.

Inna ta faɗi ne a farkon damina, tana kwashe shanya saboda hadari ya taso. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama suka mutu, magana kuma ta ɗauke. Matar da in ta fara ba da labari har maƙwabta ke leƙowa ta katanga, sai ga ta mun dawo da ita gida kamar kayan wanki. Babanmu, Alhaji Mamman, wanda ya ƙare ƙarfinsa yana saro citta daga Kachia yana lodawa a jirgin ƙasa nan Kafanchan, ya riga ya tsufa ya miƙa wa Yaya Sani harkar. Aikinsa kawai ya shimfiɗa buzu a ƙofar ɗakinta ya zauna da carbi. Ni kuwa na rufe shagona na atamfa a kasuwa, na roƙi babanku izini, na dawo gida jinya.

Bayan kwanaki sai bakinta ya buɗe, amma da kalma ɗaya tak. Takan miƙa hannun hagu, ta naɗe yatsu zuwa tafinta, ta ce, “Ba.” Ta huta, ta sake cewa, “Ba.” Da safe haka, da rana haka.

Ni na ɗauka “ba ni” take son cewa harshen ya gaza ƙarasawa. Na kawo ruwa, ta kau da kai. Na kawo goro, na kawo carbinta, na kawo ɗankwalin da ta fi so, har ƙaramin jikanta na ɗora mata a cinya. Kowanne sai ta ture da bayan hannu, ta ci gaba da abinta. Yaya Sani ya ce ban fahimta ba ne, ba ɗin ƙi ce, irin ta “ba na so”, magani take ƙi da kunun da nake ɗura mata. Da limamin unguwarmu ya zo dubiya ya saurara, sai ya yi murmushi ya ce:

“Alhaji, ka gode wa Allah. Wannan ai harafin ba ne, farkon Bisimilla. Sunan Allah take son kamawa.”

Baba ya ji daɗin wannan fassara ƙwarai, ya riƙe ta, duk wanda ya shigo sai ya maimaita masa.

Kun san unguwarmu ta bayan tasha, babu irin mutanen da jirgi bai sauke a cikinta ba. Iya Sikira, Bayarabiyar da mijinta ya yi aikin reluwe har ya rasu, ƙawar Inna ce tun suna amare. Ta zauna a bakin gado ta kasa kunne, hawaye na zubo mata.

“A wurinmu,” in ji ta, “idan mutum ya ce ba mi, shi yana neman a taya shi ne. Hauwa yana cewa ku taimake shi.”

Emeka mai kemis, wanda yake zuwa auna mata jini, ya ce shi kam da a garinsu ne da ya ce shiga take nufi, don a harshensu na Ibo ba shiga ce, bata kuma shigo. Har Bafulatanar da ke kawo mana nono ta tofa nata, ta ce baa uba ne, tsohuwa mahaifinta take kira, kuma wanda ya fara kiran matattunsa sai a yi ta addu'a. Kowa ya ɗebi kalmar ya kai gidansu ya auna da mudunsa. Mukan yi dariya ma wani lokaci, irin dariyar masu jinya, mu ce Inna ba Bayarabiya ba ce, ba Inyamura ba ce, ba Bafulatana ba ce. A nan maganar take tsayawa. Babu wanda ya ƙarasa ya tambaya, to ita mece ce?

Ba wai ɓoye mana aka yi ba. Mun san daga wani ƙauye take a bayan Zonkwa, mun san sunanta na yarinta Ladi, kuma ta musulunta ta zama Hauwa kafin ta auri Baba. Amma sani ne irin na sanin akwai rijiya a tsohon gidan da aka tashi. Ba ta taɓa kai mu ba, ba wanda ya taɓa zuwa daga can, ban kuma taɓa jin ta yi wani harshe ba Hausa ba. Hausarta ta fi ta Baba karin magana. Sai in ranta ya ɓaci ne muryar take hawa da sauka wani iri, mu yara mu riƙa kwaikwayonta a ɓoye.

Wata ranar kasuwa na fita sayo mata ganyen miya. Ina tsugune gaban wata mai yakuwa, sai 'yarta ƙarama da ba ta daɗe da fara tafiya ba ta nufi bakin titi inda 'yan acaɓa ke wucewa. Matar ta miƙa hannu, ta naɗe yatsu zuwa tafinta, ta ɗaga murya:

“Ba! Ba!”

Yarinyar ta juyo, ta tako da gudu ta faɗa jikinta. Ni kuwa yakuwar ta zube daga hannuna. Na ce, “Baiwar Allah, me kika ce mata?”

Ta dube ni da ɗan tsoro, don a shekarar garin bai daɗe da fita daga rikicin nan na addini da kuka sha jin labarinsa ba, mai hijabi da mai ɗankwalin coci sai ciniki kawai ke haɗa su. Ta ce, “Ba komai, Hajiya. Na ce masa shi zo ne.”

“Da wane yare?”

“Yaren mu. Jju. Mu Bajju ne. Ba shi ne zo.”

Ban san yadda na iso gida ba. Na tarar da Inna a jingine da filo, idonta a ƙofa. Da ta miƙa hannu ta ce “Ba”, ban ɗauko komai ba. Na taka na je na durƙusa, na sa kaina a ƙirjinta. Hannun nan na hagu ya kama bayan wuyana ya riƙe gam, na ji ƙirjinta yana rawa. Tun da ta kwanta ba ta yi kuka ba sai ranar. Ashe duk wannan lokaci kira take yi, mu kuma muna ta miƙa mata kofi.

Amma da ta sake ni, sai ta sake duban ƙofa ta bayan kafaɗata, ta miƙa hannu, ta kuma faɗa. Na kira Baba ya shiga, ta riƙe hannunsa, ta sake duban ƙofa. Yaya Sani ya shiga, haka. Akwai wanda take kira da ba ya cikin gidan.

Da la'asar na zauna kusa da buzun Baba na gaya masa abin da na ji a kasuwa. Carbin ya tsaya a hannunsa. Sannan ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ya ce Inna ta zo Kafanchan ne tana budurwa, tana taya gwaggonta sayar da abinci a tasha, a nan suka ga juna. Ba wanda ya tilasta ta, ita ta zaɓa. Suka je ƙauye tare neman albarka, mahaifinta ya ce in ta bi shi kada ta sake tako masa gida, ko gawarsa kada ta zo gani. Ta ɗaure kayanta ta hau motar katako.

“Akwai ƙanenta,” in ji Baba, “Bulus. Ita ta goye shi. Motar ta tashi, yaron nan ya biyo mu da gudu cikin ƙura, yana ihu, ba, ba, ba, har ya faɗi. Ita ta cusa fuska cikin zani ba ta waiwaya ba. Rabi, ni duk shekarun nan na ɗauka cewa yake bai yarda ba. Ashe cewa yake ta zo.”

Na ce, “Baba, zan je in nemo shi.”

Yaya Sani yana zaure ya ji mu. Ya shigo ransa a ɓace, kuma ina so ku fahimce shi, kada ku yanke masa hukunci. A rikicin nan an ƙone masa sito cike da citta, an kashe yaron shagonsa da ya riƙa tun yana ƙarami. Shi kansa ya taso yaran unguwa suna yi masa gorin dangin uwa, ya yi ta dambe a kan haka, har ya zama ba wanda ya kai shi tsare sahun gaba a masallaci. Ya ce:

“Rabi, kina da hankali kuwa? Matar da ta yi shekara da shekaru tana salla, yanzu da take bakin kabari za ki kawo mata mutanen coci? Me za a ce a gari? A ce ta koma?”

Na ce, “Yaya, ƙanenta ne. Ciki ɗaya.”

“Ina suke lokacin da take da lafiya? Ki bar ta ta cika da kalmar shahada cikin 'ya'yanta.”

Muka juya ga Baba. Ya dubi ƙasa ya ce, “Ni ban aike ki ba. Ban kuma hana ki ba.” Yaya ya ce in na fita da wannan niyya, to in san babu ni babu shi. Na ɗauka zafin rai ne.

Babanku, Allah ya jiƙansa, bai so tafiyar ba, amma da safe shi ya kai ni tasha ya sa ni a mota. Daga Zonkwa na hau acaɓa. Kafin ƙauyen muka tarar da samari sun gitta itace a hanya suna duba masu shiga. Suka ga hijabi, fuskokinsu suka canza. Ɗaya ya tambaye ni da turancin Buroka inda za ni, wani ya ce da Hausa, “Hajiya, ka ɓata hanya ne?” Na ce ina neman wani dattijo Bulus, ƙanen Ladi wadda ta yi aure a Kafanchan tun da daɗewa. Suka dubi juna. Wani a cikinsu ya ce ai Baba Ticha ke nan, shi ya koyar da su duka a firamare. Ya ɗage itacen, ya ce wa mai acaɓa ya bi shi.

Na same shi a gindin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya, dogo, siriri, kansa fari fat. Na yi sallama. Ya ɗago, fartanyar ta sulale daga hannunsa. Ya kira wani suna da ba nawa ba, sannan ya girgiza kai ya ce da Hausa:

“A'a. Ladi ta tsufa yanzu. Ke 'yarta ce.”

Aka ba ni kujera, matarsa ta kawo ruwa ta koma gefe ta tsaya. Na faɗa masa ciwon Inna. Ya saurara har na gama, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Sannan ya ce mahaifinsu ya mutu ba ta zo ba, wannan ya gane, don tsohon ne ya hana. Amma da mahaifiyarsu ta kwanta, tana ta kiran Ladi, ya aika har Kafanchan, ba ta zo ba. Na ce wallahi ban taɓa jin an aiko ba. Daga baya na tambayi Baba, shi ma ya rantse saƙo bai iso ba, kuma har yau ban san inda ya maƙale ba. Kawu Bulus ya ce:

“To yanzu ita ce ta aiko ki, ko ke ce kika ga ya kamata?”

Na ce, “Kawu, ba ta iya magana. Kalma ɗaya ta rage mata, ita take faɗa tun safe har dare tana duban ƙofa.”

“Wace kalma?”

Na miƙa hannuna na hagu, na naɗe yatsu kamar yadda take yi, na faɗa masa.

Ya tashi ya shiga ɗaki. Na ji matarsa ta bi shi tana magana da sauri da yarensu, na tsinci “Kafanchan” da “lokacin nan” a ciki, na gane tsoro take ji, kuma tana da gaskiya. Can ya fito sanye da kwat ɗinsa ta zuwa coci, idanunsa jawur. Ya ce, “Tashi mu je, 'yata, kada rana ta yi.”

Da muka iso, Yaya Sani yana tsaye a ƙofar zaure, ya tokare ta da kafaɗa. Kawu ya cire hula ya gaishe shi, bai amsa ba. Sai muryar Baba ta fito daga ciki, muryar da na daɗe ban ji ta da ƙarfi haka ba:

“Sani, ba shi hanya. Surukina ne, gidana kuma ya zo.”

Yaya ya matsa, ya fice, bai kwana a gidan ba.

Kawu ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki. Inna ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Ta ɗaga hannun, amma wannan karon bakinta bai iya furta komai ba. Dattijon nan mai furfura ya durƙusa da kwat ɗinsa a kan sumunti ya rarrafa ya isa gadon. Ta shafa kansa, ta shafa kunnensa, kamar tana duba ko ya yi wanka. Ya fara yi mata magana da Jju, a hankali, ya daɗe yana yi. Ba mu ji ko ɗaya ba, ni da Baba, amma mun ga tana gyaɗa kai a wasu wurare, a wani wuri ma gefen bakinta mai rai ya yi murmushi. Daga nan ya soma rera wata waƙa ƙasa-ƙasa, sai ga leɓen Inna yana motsi tare da nasa, har sauti yana fita. Matar da aka ce magana ta ƙare mata.

Wannan waƙar ce aka jiyo ta bayan katanga, kafin magariba labari ya zaga unguwa cewa Rabi ta kawo fasto ana waƙar coci a kan Hajiya Hauwa. Na tambayi Kawu ma'anarta a ranar. Ya ce waƙar niƙa ce, wadda mahaifiyarsu take yi in tana niƙa dawa a kan dutse, tana zolayar zakaran da ke satar tsaba. Kawu ba fasto ba ne, malamin makaranta ne, ko da yake dattijo ne a ikkilisiyarsu. Kuma da kunnena na ji lokacin da aka kira la'asar ya ce mini, “Ki yi mata alwala, lokacin sallarta ya yi,” ya fita tsakar gida ya ba mu wuri.

Ranar ta sha kunu kofi guda daga hannunsa. Ya kwana biyu a ɗakin baƙi, shi da Baba suna hira a kan buzu ɗaya kamar tsofaffin abokai, ya koma, ya riƙa zuwa duk bayan mako. Inna ba ta ƙara duban ƙofa ba. Ta rasu da kaka, ana fara cin sabuwar masara, Baba yana laƙƙana mata kalmar shahada, leɓenta yana bi. Aka yi mata salla aka kai ta. Kawu ya bi gawar har maƙabarta, ya tsaya daga nesa da hularsa a hannu har aka gama.

Daga baya na yi ta tambayar mutane game da kalmar nan, har da wani malamin harsuna a kwalejin ilimi da yake sayen atamfa a wurina. Ya ce yawancin kalmomin nan masu kama da juna ba su haɗa kaka ba. Ba ta Larabci harafi ce, ta Yarabanci da ta Ibo kowace da gidansu, ta Hausa ma ba guda ba ce, ta bayarwa daban, ta ƙi daban. Sauti ne mai sauƙi da leɓe biyu ke yi, shi ya sa kowace al'umma ta tsince shi ta ɗora masa nata kaya. Na ce masa to Allah ya sa kowa ya samu mai jin tasa.

Abin da ya biyo baya kun ga wani da idonku. Yaya Sani ya cika maganarsa. Ya daina gaishe ni, ya hana 'ya'yansa zuwa gidanmu, shi ya sa kuka taso ba ku saba da su ba. Wasu matan unguwa suka daina sayayya a shagona, aka cire ni daga adashin da na yi shekaru a ciki ba tare da an gaya mini dalili ba. Ranar auren babbarku, Yaya bai zo ba, kujerarsa ta kawun amarya ta zauna babu kowa, na shiga ɗaki na yi kukana na wanke fuska na fito. Ban taɓa nadamar tafiyar ba, amma kada wani ya ce muku ba ta yi ciwo ba.

Shekarar da ta biyo bayan rasuwar Inna, bayan girbi, aka aiko daga tasha cewa ina da saƙo. Buhun acca ne daga Kawu, an rubuta a jikinsa da gawayi: 'ya'yan Ladi. Ba Rabi ya rubuta ba, 'ya'yan Ladi. Don haka na raba biyu na aika rabi gidan Yaya. Aka dawo da shi ko kwance bakin ba a yi ba. Shekara ta zagayo, wani buhun ya zo, na raba, aka dawo da shi. Haka muka yi ta yi, har Kawu ya rasu ɗansa ya ci gaba da aikowa. Babanku yakan ce in haƙura, na ce ba nawa ba ne balle in riƙe.

Ana haka har shekarar da ciwon sukari ya kwantar da Yaya, likita ya hana shi tuwon shinkafa da na masara. Tuwon acca kuwa an san yana karɓar masu wannan ciwo. Na aika rabin kamar kullum, na zauna ina jiran a dawo da shi. Yamma ta yi, ba a dawo da shi ba. Bayan kwana uku sai ga matarsa ta shigo da kanta, karon farko cikin shekaru masu yawa, ta zauna a bakin tabarma tana murza gefen mayafi. Muka gaisa. Ta ce:

“Yayanki ya ce in tambaye ki yadda ake tuƙa shi. Na yi jiya ya yi gudaji.”

Na ɗauki mayafina da muciyata na bi ta.